JINYAR BABBAN MUTUM: ME ZA A FARA DUBAWA?

Daminar bara waccan, ana tsakiyar maimai, aka aiko mini da dare cewa kawuna ba shi da lafiya. Ya yi shekaru yana fama da gwaiwa. In ta sauko sai ya kwanta ya mai da ita da hannu, ya koma gona. Ran nan ta sauko ta ƙi komawa, ciki ya kumbura, sai amai yake ta yi. Da ƙyar muka sami mota muka kai shi asibiti, aka yi masa aiki kafin gari ya waye. Da likita ya fito ya ce aiki ya yi kyau, muka gode wa Allah, kowa ya saki jiki. A ganinmu an gama.

Ni aka bari in kwana da shi. Kwana biyu ba abin da ke raina sai abinci: yaushe za a bar shi ya sha kunu, wa zai kawo fura daga gida, ina za a sami kaza. A dare na uku wata tsohuwar nas ta zo zagaye. Ba ta dubi kwanon abinci ba, ba ta ma buɗe ciwon ba tukuna. Ta tsaya a bakin gado tana duban ƙirjinsa, tana duban agogonta. Can ta ce, "Malam, tun yaushe Baba yake numfashi haka?"

Na ce, "Sista, ai barci yake yi."

Ta ce, "Sau 30 yake numfashi cikin minti ɗaya. Wannan ba barcin lafiya ba ne."

Nan da nan ta kira likita. Aka tarar ciwon huhu ya fara kama shi, domin tun da aka yi aikin yana kwance rigingine, yana tsoron tari saboda zafin ɗinki. Aka ta da shi zaune, aka fara masa allura. Ya warke, bana ma shi ya riga ni gama shuka. Amma da an kai safiya ba a lura ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

Kashegari na roƙi matar nan ta koya mini abin da take dubawa. Ta ce, "Ku manoma ba kwa tsayawa ginin rumbu alhali ciyawa tana cin gero. Jinya ma haka take. Abin da zai kashe mutum cikin mintoci shi ake fara dubawa, sa'an nan wanda zai kashe shi cikin awoyi, sa'an nan na kwanaki." Abin da ta koya mini, da wanda na ƙara tambaya wurin ma'aikatan lafiya daga baya, shi nake so in kawo muku, 'yan'uwa manoma.

ME YA SA WANNAN YA SHAFE MU?

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya sani, da dare nas ɗaya ko biyu ne ke kula da ɗaki cike da marasa lafiya. Ɗan'uwan da ke zaune a bakin gado shi ke ba da abinci, shi ke kai fo, shi ke gyara shimfiɗa. Bayan an sallamo mutum kuwa, jinya gaba ɗaya ta koma hannun mutanen gida.

A shekarar 2018 mujallar likitoci ta Ingila mai suna The Lancet ta buga wani bincike da likitocin Afirka suka yi a ƙasashe 25, har da Nijeriya, a kan mutane fiye da 11,000 waɗanda aka yi wa aiki. Sun tarar kusan ɗaya cikin biyar ya sami wata matsala bayan aikin, wajen biyu cikin ɗari kuma sun rasu. Abin lura shi ne, 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Watau sun fito daga ɗakin tiyata da rai, ciwo ya juya daga baya. To, a kwanakin nan wa ke zaune kusa da marar lafiya? Mu ne. In mun san abin da za mu duba, idonmu zai iya ceton rai.

NA FARKO: NUMFASHI

Mutum yana iya yin kwanaki bai ci ba, amma ba ya iya yin mintoci kaɗan bai shaƙi iska ba. Saboda haka duk lokacin da ka shiga wurin marar lafiya, fara duban numfashinsa. Kada ka gaya masa kana ƙirgawa, don kada ya sake yadda yake yi. Dubi ƙirji ko ciki yana hawa yana sauka, ka ƙirga har minti ɗaya ya cika. Agogon wayar hannu ya isa. Babban mutum mai lafiya, in yana hutawa, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ya kai 25 ko ya wuce, ko ya sauka ƙasa da 10, ko mutum ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya yi haki, a kira ma'aikacin lafiya nan take. Haka kuma in ana jin kakari a maƙogwaro, ko harshe da cikin leɓe sun yi duhu.

Wanda bai farfaɗo sosai daga maganin barci ba, ko wanda ya suma, kada a bar shi rigingine. A kwantar da shi a kan haƙarƙari, a ɗan ɗaga haɓarsa, yadda in amai ya zo zai zuba waje. Kada kuma a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo, kome ƙanƙantarsa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya daidai, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar iska ya faɗa huhu. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake hana mutum abinci kafin a yi masa aiki, yawanci awa 6. Kada tausayi ya sa a ba shi a ɓoye. In kuwa an riga an ba shi, a faɗa wa likita gaskiya.

Wanda aka yi wa aiki a ciki yakan yi numfashi sama-sama don gudun zafi, majina ta taru a ƙasan huhu, kamar yadda ya faru da kawuna. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A jingina shi da matashi ya zauna. Kowace awa, in yana farke, ya ja numfashi mai zurfi sau goma, sa'an nan ya rungume matashi a kan ɗinkin ya yi tari. Matashin yana tallafe ciwon, zafi ya ragu.

A gida kuma a bar taga a buɗe. Kada a kunna gawayi a ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu, kada a sa janareta kusa da taga. Iskar da ke fitowa daga cikinsu ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum cikin barci. Don sauro, gidan sauro ya fi hayaƙi.

NA BIYU: JINI DA RUWAN JIKI

In numfashi daidai yake, sai a duba yadda jini ke gudana. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta wajen babban yatsa, ka ƙirga bugun jini na minti ɗaya. Na mai lafiya tsakanin 60 da 100 yake. In ya yi sauri ƙwarai, ya yi rauni har da ƙyar ake jinsa, ga hannu da ƙafa sun yi sanyi, ga gumi, ga ƙishirwa, ga jiri in an ta da mutum zaune, to, jini ko ruwa yana ƙarewa a jiki. Ja fatar ido ta ƙasa ka duba, ka dubi tafin hannu. In sun yi fari fat, jini ya yi kaɗan.

Ba kullum ake ganin jinin da ke zuba ba. Yana iya taruwa cikin ciki, bandeji kuwa yana nan fari tas. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, alamar zubar jini ce a ciki. Wanda ke zuba a waje kuwa, a danne shi da tsumma mai tsabta da ƙarfi, minti goma ba ɗagawa, a nemi taimako. A riƙa duba ƙarƙashin marar lafiya, domin jini yakan gangara ya jiƙe zanen gado ba a sani ba.

Fitsari shi ne babban mai ba da labari. Mu manoma in muka ga rijiya ta ja baya mun san ƙasa ta bushe. Haka in fitsari ya ragu, ya yi ja kamar shayi, jiki ya rasa ruwa ko ƙoda ta fara gajiya. In mutum ya yi awa 8 bayan aiki bai yi fitsari ba, ko fitsarinsa na yini da kwana bai kai rabin lita ba, watau cikin leda ɗaya ta ruwan sha, a faɗa. Kada kunya ta hana tambayar dattijo ko ya yi fitsari. In an sa masa robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararsa kullum, kada ta taɓa ƙasa, kada robar ta lanƙwashe.

Mai zawo da amai, a ba shi ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da ake kira ORS, a dama yadda aka rubuta a jiki. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Amma fa mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda wanda ƙafafunsa suka kumbura, likita yakan ƙayyade masa ruwan da zai sha. Wannan kada a matsa masa, a bi abin da aka faɗa.

NA UKU: HANKALI

Bayan numfashi da jini, sai a yi wa marar lafiya magana. Ya gane ka? Ya san inda yake? In dattijon da jiya ya yi hira da kai daidai yau ya fara sambatu, yana fizge robar ƙarin ruwa, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tasuwa, kada a ce tsufa ne, kada kuma a fara zargin maƙwabta ko iskoki. Sau da yawa alama ce cewa ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ko iska ba ta isar ƙwaƙwalwa, ko sukarin jini ya faɗi. In ruɗewa ta haɗu da saurin numfashi da zazzaɓi ko sanyin jiki da ƙarancin fitsari, kada a jira safiya.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin, in ya sha magani bai ci abinci ba, sai ka ga yana rawar jiki, yana gumi, yana magana ba kan gado. In yana iya haɗiya, a dama sukari cokalin shayi 3 ko 4 a ruwa a ba shi, in ya dawo hayyacinsa ya ci abinci. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa, a kwantar da shi a gefe a kai shi asibiti.

Mai hawan jini kuwa, in baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce. A lura da lokacin da abin ya fara, a tafi asibiti nan take. Kada a ba shi kome ta baki sai ma'aikaci ya gwada haɗiyarsa, domin irinsu suna yawan ƙwarewa.

NA HUƊU: ZAFIN CIWO DA MAGANI

Mazanmu sun saba da jimiri. Ka tambayi mutum yana murtuke fuska, ya ce maka da sauƙi. Amma zafin da aka ɓoye shi ke hana tari, ya hana tashi, ya hana barci, warkewa ta yi nisa. A ba da maganin zafi kan lokacinsa, kada a jira sai mutum ya fara nishi. In zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ciki ya yi tauri kamar allo, wannan ba na ƙarin ƙwaya ba ne, na komawa wurin likita ne.

Farasitamol, babban mutum kada ya wuce ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci ɗaya, kada kuma ya wuce sau huɗu cikin yini da kwana. Fiye da haka yana lalata hanta. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda muke yawan saya a kemis lokacin noma, suna cin tumbi, suna kuma gajiyar da ƙoda. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da wanda jikinsa ya rasa ruwa, su guje su. Haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, kada su shiga ɗakin marar lafiya. In ana ba shi jiƙo ko saiwa, a gaya wa likita.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta a shanye shi har ƙarshe yadda aka rubuta. Na tarin fuka wata 6 ake sha, kyauta kuma ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Wanda ya bari a tsakiya don ya ji sauƙi, ciwon yakan dawo da taurin kai. Maganin hawan jini da na sukari ba a ajiye su don mutum ya ji garau.

NA BIYAR: CIWON DA TSABTA

Kafin a taɓa marar lafiya, da bayan an taɓa shi, a wanke hannu da sabulu, ana zuba ruwa daga buta, ba a tsoma hannu cikin kwano ɗaya ba. Wannan ya fi kowane magani araha. Kada a buɗe bandeji don baƙi su ga ɗinki. Kada a sa toka, ko man shanu, ko kashin dabba, ko garin kafso a kan ciwo. Ƙasa da kashin dabba su ne gidan ƙwayar cutar da ke sa sarƙewar haƙora.

Ciwon aiki yakan fara nuna ya ɓaci bayan 'yan kwanaki, sau da yawa bayan mutum ya riga ya koma gida. Alamunsa: zafi ya ƙaru, gefen ɗinki ya kumbura ya yi ɗumi, mugunya ko wari, da zazzaɓi. Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne. In ma'auni ya nuna 38 ko fiye, a koma asibiti, kada a ce zazzaɓin sauro ne kawai. In ɗinki ya ɓalle har hanji ya leƙo, kada a tura shi ciki. A rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da dafaffen ruwan da ya huce, mutum ya kwanta ya naɗe gwiwoyi, kada a ba shi kome ya ci, a ɗauke shi haka. Zare kuwa, yawanci tsakanin kwana 7 da 14 ake cirewa, a ranar da asibiti suka faɗa, ba a gida da reza ba.

Mai jinya ma ya kiyaye kansa. In zai taɓa jini ko amai ko bayan gida, ya sa safar hannu, in babu ya sa leda mai kyau. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ma'aikatan jinya na mishan ya fara kamawa, biyu daga cikinsu suka rasu. Har yanzu yana ɓullowa, musamman da rani. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin zazzaɓin sauro ba na jinyar gida ba ne.

NA SHIDA: JUYI DA TASHI

Wanda ba ya iya juya kansa, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko tsohon da ya karye a ƙugu, gado ne ke cinsa. Nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zuwa, wurin ya mutu ya zama gyambo. Cikin 'yan awoyi yake farawa, warkewarsa kuwa sai an yi watanni. A juya shi kowace awa biyu, dare da rana: dama, baya, hagu. A duba ƙasan kwankwaso, da ƙugu, da dunduniya, da idon sawu, da allon kafaɗa, da ƙeya. A baƙar fata irin tamu ja ba ya nunawa sosai. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi sauran duhu, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri. In an gani kada a murza, sai dai a ɗauke masa nauyi. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sharaɓa don dunduniya ta tashi daga katifa. Shimfiɗa ta zauna a bushe, a miƙe, ba ɓarɓashin abinci. In za a gyara masa kwanciya mutum biyu su ɗaga shi, kada a ja shi a kan tabarma.

Wanda aka yi wa aiki kuwa, da zarar likita ya ce ya tashi, a ta da shi, ko da kashegari ne. Ya fara zama a bakin gado, sa'an nan ya taka kaɗan ana riƙe da shi. Tafiya tana buɗe huhu, tana ta da hanji, tana hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa. In yana kwance ya riƙa motsa ƙafafu sama da ƙasa. In sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kada a yi mata tausa ko gashi, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. A kai shi a duba.

Tashi daban, komawa gona daban. Bayan aikin ciki ko na gwaiwa, yawanci sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin ɗaukar kaya mai nauyi, wani lokaci fiye, gwargwadon abin da likita ya faɗa. Fata tana haɗewa da wuri, naman ciki kuwa yana daɗewa. Wanda ya ɗauki garma ko buhun taki kafin lokaci, yana iya biyan kuɗin aiki sau biyu.

NA BAKWAI: ABINCI

Ga shi mun zo kan abin da ni na sa a gaba, alhali nan ne wurinsa. Bayan aikin ciki ba a ba da abinci sai ma'aikata sun ce a ba da. Akan fara da kurɓin ruwa, sa'an nan kunu mai ruwa-ruwa, a hau a hankali. In ciki yana kumbura, ana amai, iska ba ta fita ta ƙasa, a dakata a faɗa. Kullum a zaunar da mutum sosai kafin ya ci, ya kuma jima a zaune bayan ya gama.

Jiki ba ya ɗinke ciwo da koko kaɗai. Yana bukatar wake, da gyaɗa, da waken soya, da ƙwai, da kifi, da nono, da nama in da hali. Yana bukatar zogale da sauran ganye, da lemo, da gwaiba, da gwanda. Yawancinsu muna da su a gona ko a bayan gida. A wasu garuruwa akan hana mai ciwo ƙwai ko gyaɗa wai suna kawo mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, abincin nan kuwa shi ke rufe ciwo. Kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi tulin tuwo sau ɗaya. Ganye da 'ya'yan itace da ruwa suna hana taurin bayan gida, wanda ke sa yunƙurin da ke wahal da ɗinki. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya a rage musu gishiri da magi. A riƙa wanke wa marar lafiya baki safe da yamma, ko da ba ya ci.

ZUWA GAISUWA

Gaishe da marar lafiya abu ne mai kyau, mun kuwa iya shi. Amma in an tashi sujada ran Lahadi mutum ashirin suka cika ɗaki ɗaya, iska ta ƙare, marar lafiya ya gaji, yana jin fitsari yana kunyar faɗa. A shiga bibbiyu, a gaisa, a yi addu'a gajeriya, a fito. Mai mura ko tari ya aiko da gaisuwa. A bar labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe. In za a yi masa wanka ko a juya shi, a rufe ƙofa, a rufe masa jiki, a gaya masa abin da za a yi. Magidanci ne ko uwar gida, ciwo bai rage masa girma ba.

Ku sani kuma, sau da yawa abin da ke hana manomi barci a gadon asibiti ba ɗinki ba ne. Gonarsa ce da ciyawa ke ci, da bashin da ya hau kansa. Shi ya sa yake guduwa gida kafin a sallame shi.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace ɗaya ba za ta iya juya mijinta kowace awa biyu har mako uku ba, ga girki, ga yara, ga gona. Ga abubuwa biyar da kowace ƙungiya za ta iya tsarawa tun kafin ciwo ya zo.

1. Gayya. Duk ɗan ƙungiyar da aka kwantar ko aka yi wa aiki da damina, a sa ranar da za a nome masa gona, a kuma gaya masa an sa.

2. Asusun mota. A ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don kai marar lafiya asibiti da dare. A san direban da za a tasa, kowa ya riƙe lambarsa.

3. Karɓa-karɓar jinya. Zumuntar Mata da matasa su raba kwana, maza wurin maza, mata wurin mata, don mai jinya ta sami barci.

4. Masu ba da jini. Waɗanda ke da lafiya su je a gwada rukunin jininsu, sakatare ya rubuta, don kada a tsaya nema ran da ake bukata.

5. Kayan awo. A sayi ma'aunin zafin jiki da na'urar awon jini, a roƙi ma'aikacin lafiya na kusa ya koya wa mutum biyu ko uku yadda ake aiki da su, da yadda ake ƙirga numfashi da bugun jini.

A kowane ɗakin jinya kuma a ajiye ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Safe, rana, yamma da dare a rubuta lokaci, da yawan numfashi, da bugun jini, da zafin jiki, da fitsari, da maganin da aka sha. Wanda ya karɓi jinya ya karanta abin da na gabansa ya rubuta. In lamba tana hawa daga safe zuwa yamma, ciwo yana juyawa ko da fuska ba ta nuna ba. In an je asibiti a tafi da littafin. Kada kuma a ji nauyin kiran nas. Cikin ladabi ka ce, "Sista, da safe numfashinsa 18 ne, yanzu 28." Magana irin wannan ta fi a ce jikin nasa dai sai a hankali.

Kafin ku bar asibiti, ku tambayi abu huɗu: yaya za a sha magani, yaushe za a dawo, me zai ci, wace alama ce in an gani za a dawo ba jira. Wannan takarda ba ta mai da kowa likita ba. Amfaninta ku san abin dubawa, da layinsa, da lokacin da za a ɗauki mutum a tafi.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a taro mai zuwa, kowa ya gwada ƙirga numfashin na kusa da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya kai mu kaka lafiya.